Wai me Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsinana mana lokacin korona?

MaiTumatir_Mile12:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya bayan la'asar muna zaune a rumfa rediyo ya kawo zancen ficewar Amurka daga Hukumar Lafiya ta Duniya, wato WHO. Gardama ta kaure tsakanina da maƙwabcin rumfata har aka kira magariba. Ni dai a ganina da Najeriya ma ta bi sahu. Ga dalilina. Ƙarshen Maris 2020 da aka rufe Legas, ina da kaya a hanya daga Kadawa. An ce motar abinci ba ta cikin doka, amma sai da ta kwana huɗu tsakanin shingaye. Da ta iso, matan da ke zuwa sari daga Ikorodu da Oshodi ba motar da za ta kawo su. Ina tsaye ina kallon ruwan tumatir yana tsiyaya ta gindin kwanduna yana bin kwata, har na biya yara suka kwashe zuwa bola. Shekara biyu ina biyan bashin wannan kayan. Mutanen da ke zaune a Geneva suka ce a rufe duniya, ba su san yadda mai neman na yau da gobe yake kwana ba. To in ba wahala ba, me suka ba mu? Masu ilimi ku fahimtar da ni.

Dan_Agege77:
Wa alaikumus salam. Alhaji ka faɗi abin da ke raina. Mu 'yan acaɓa ma an riga an hana mu manyan hanyoyi tun farkon Fabrairun shekarar, sai ga kulle ya biyo baya. Da rana yunwa, da dare gadi, muna ƙona taya a bakin layi saboda ɓarayi.

Nas_Maman_Ikram:
Allah ya mayar maka da alheri, Alhaji. Asarar da ka yi ba ƙarama ba ce, kuma ba wanda zai ce maka ka manta. Amma akwai gyara a maganarka. WHO ba ta rufe Legas ba, ba ta ma da ikon rufe ko lungu ɗaya a kowace ƙasa. Shugaba Buhari ne ya yi jawabi ranar 29 ga Maris, doka ta fara aiki daren 30 ga wata a Legas da Abuja, Ogun ta biyo baya 3 ga Afrilu, aka fara sassautawa 4 ga Mayu. Kwamitin yaƙi da korona na gwamnatin tarayya da Boss Mustapha ya jagoranta, da gwamnatin jiha, su suka tsara wa zai fita, wa zai zauna, yaushe kasuwa za ta ci. Hukumar can shawara take bayarwa, ƙasa ta ɗauka ko ta ajiye. Shugabanta ma, Tedros ɗan Habasha, ya yi magana a watan Afrilu cewa wanda sai ya fita zai ci ba zai iya zaman gida ba sai an tanadar masa abinci.

Ka tambayi abin da suka ba mu. Ni ma'aikaciyar jinya ce, zan faɗi wanda na gani. Farkon Fabrairun 2020, a duk faɗin Afirka Senegal da Afirka ta Kudu ne kawai ke iya gwajin cutar. Tsarin gwajin da aka fara aiki da shi, wanda masana a Jamus suka haɗa, WHO ce ta yaɗa shi ga duniya tun a Janairu, ta kuma aika kayan gwaji ƙasashe. Shi ya sa da ɗan Italiyan nan, mutum na farko da aka samu da cutar a Najeriya, ya shigo, ranar 27 ga Fabrairu aka iya tabbatar da cutar a ɗakin gwaji na asibitin koyarwa da ke Idi-Araba, aka kai shi Yaba aka killace. Mu a ƙaramin asibitinmu an zo an koya mana yadda ake sa rigar kariya da yadda ake cire ta. Cirewar ta fi haɗari, nan ne ma'aikaci ke kwasar cuta. Safar hannu ta waje tukun, sannan riga a naɗe ta ciki-waje, takunkumi a ƙarshe ta igiyarsa, kuma tsakanin kowane mataki sai an wanke hannu. Takardar da muka manna a bango muna bi, daga ƙa'idojin WHO aka ciro ta.

Malam_Idi_Araba:
Ina goyon bayan 'yar uwa nas, amma kada mu wanke hukumar tas. Ranar 14 ga Janairu 2020 ta sanar cewa binciken farko na mahukuntan Sin bai nuna hujja ƙarara ba cewa cutar na bi daga mutum zuwa mutum, alhali tana bi. Ta ayyana dokar ta-ɓaci ta duniya 30 ga Janairu, amma ba ta kira abin annobar duniya ba sai 11 ga Maris. Batun takunkumin fuska kuwa, da farko cewa ta yi mai lafiya ba ya buƙata, sai a watan Yuni ta sauya. Kuma ta daɗe kafin ta amince cewa cutar na yawo a iskar ɗaki. Irin wannan sauyin baki shi ya sa mutane da yawa a masallacinmu suka daina sauraren kowa.

Sai dai ku lura da tushen matsalar. Dokokin lafiya na duniya na 2005 sun wajabta wa ƙasa ta kai rahoton ɓullar cuta, amma ba su ba hukumar ikon shiga ƙasa ta yi bincike da ƙarfi ba. Sai an ba ta biza, sai an ba ta bayanai. Tawagar binciken asalin cutar ba ta samu shiga Wuhan ba sai farkon 2021, shekara guda cur. Baƙo ne a gidan kowa, abin da maigida ya nuna masa shi zai gani.

MaiTumatir_Mile12:
To Malam, in ba ta da iko a kan kowa, amfaninta me? Ai ka ƙara ƙarfafa maganata.

Baba_Tsoho_AlabaRago:
Ɗana, bari in ba ka amsa da fuskar yayana. Yawancinku ba ku san agana ba. Mu mun tashi a ƙauye muna ganin mutane da fuska duk zanzana, wasu ido ya tafi. In ta shiga gari, a bayan gari ake yi wa mai ita bukka, a ajiye masa fura daga nesa. Yayana ya tsira da rai amma ya rasa ido ɗaya. Sai ga masu lamba sun zo da wata na'ura kamar bindiga suna bi kasuwa-kasuwa, har yau tabon yana damtsena na hagu. A 1980 aka sanar cewa agana ta ƙare a duniya baki ɗaya. Wa ya haɗa kan ƙasashen da ba sa ga maciji da juna suka yi wannan aikin? Wannan hukumar ce. Jikokina ko sunan cutar ba su sani ba.

Bakano_Apapa:
Baba, Allah ya ƙara girma. Amma mu Kanawa wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Ba su ne suka yi gwajin magani a kan yaranmu lokacin sanƙarau ba?

Dalibi_Likitanci:
Yaya Bakano, wannan ba WHO ba ce. Kamfanin Pfizer ne ya gwada maganin Trovan a Kano a 1996, a kan yara kusan 200, goma sha ɗaya suka rasu. An yi shari'a, a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Amma ka yi gaskiya cewa tabon ya shafi kowa. Shi ya taimaka wajen ƙin allurar shan inna a 2003, har aka dakatar da ita a Kano, sai a tsakiyar 2004 aka dawo bayan an kawo maganin daga Indunusiya. A tsakanin nan cutar ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Daga baya da aka shigo da sarakuna da malamai cikin aikin, aka ci nasara. Mai ɗauke da cutar na ƙarshe a Borno aka same shi a 2016, kuma 25 ga Agusta 2020, muna tsakiyar korona, aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna.

Bakano_Apapa:
Na karɓi gyara. Amma talaka ba ya bambance su, duk farar mota ce da Bature.

Hajiya_MaiAtamfa:
Ni abin da ya fi ci mini rai rabon allura ne. Aka kafa COVAX, shirin rabon allurar korona na duniya, wai don mai kuɗi da talaka su samu tare. Ƙasashe masu hali suka riga suka saye tun magani na ɗakin gwaji, wasu ninkin yawan jama'arsu. Ingila ta fara yi wa mutanenta a Disambar 2020. Mu sai 2 ga Maris 2021 jirgi ya sauka Abuja da allurai kusan miliyan huɗu, ga ƙasa mai mutum sama da miliyan 200. Daga nan Indiya, inda ake sarrafa ta, annoba ta taso mata, ta rufe ƙofa. Mahaifiyata mai ciwon suga ta yi ta farko, muka yi ta sintiri neman ta biyu. Ranar da muka samu, tun asuba muka kama layi, ina riƙe mata kujerar roba. Can ƙarshen shekara da suka ƙoshi, sai suka turo mana ragowar da ta kusa lalacewa, har a Disambar 2021 aka lalata fiye da miliyan ɗaya a Abuja. Wannan sadaka ce ko zubar da shara?

Nas_Maman_Ikram:
Hajiya, a nan ba ni da ta cewa, gaskiyarki ce. Ƙari kawai, COVAX ba ta WHO kaɗai ba ce. Akwai ƙungiyoyin allurar riga-kafi Gavi da CEPI, UNICEF kuma ke jigila. Ba su da masana'anta ko ɗaya, sayowa suke, kuma a layin saye an riga su. Tedros ya yi ta kuka a kan haka, har ya roƙi masu kuɗi su dakata da allura ta uku sai talakawa sun samu ta farko. Ba su saurare shi ba.

Canji_Obalende:
Ku ƙara da wannan. Nuwamba 2021 masanan Afirka ta Kudu da Botswana suka gano nau'in Omicron, suka sanar da duniya cikin gaskiya kamar yadda doka ta ce. Sakayyarsu ita ce aka rufe musu hanyoyin jirgi. Farkon Disamba Birtaniya ta sa Najeriya ma a jerin ƙasashen da ta hana shiga. Abokin cinikina ya sayi tikiti zai je bikin kammala karatun 'yarsa, haka ya haƙura. WHO ta fito ta ce wannan hani ba daidai ba ne, amma wa ya ji? Gobe in wata ƙasa ta ga sabuwar cuta, da wane ƙwarin gwiwa za ta faɗa?

Dan_Agege77:
Ni fa har yanzu ban yarda cutar ta yi yawan da ake faɗa ba. Ban san mutum ɗaya a layinmu da ta kashe ba.

Yar_Fagge:
Ɗan'uwa ka ji tsoron Allah a kan wannan maganar. Mahaifina ya rasu a Kano ƙarshen Afrilun 2020, zazzaɓi da sarƙewar numfashi, kwana biyar. Asibiti uku aka kai shi ba a karɓa ba. Ina nan Legas a kulle, ta waya ƙanena ya ce mini an kai shi, kuma a maƙabartar sai da suka jira layi. A makonnin nan dattawa nawa Kano ta rasa, malamai da 'yan kasuwa? Daga baya ministan lafiya da kansa ya ce binciken da aka yi ya nuna rabi ko fiye na waɗannan mace-macen suna da alaƙa da korona. Abba Kyari ma a nan Legas ya rasu a watan. Ba a yi wa babana gwaji ba, don haka ba ya cikin mutum 3,000 da ɗoriya da ake cewa sun mutu a Najeriya. Amma ni na san abin da na rasa.

Dan_Agege77:
Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Ki yafe ni, ban faɗa don in taɓa ki ba.

Yar_Fagge:
Amin. Ba komai.

Dalibi_Likitanci:
Allah ya gafarta masa. Abin da Anti ta faɗa shi ne dalilin da ya sa WHO ta yi wani lissafi daban, na yawan mutanen da suka mutu fiye da yadda aka saba. Ta ƙiyasta kusan miliyan 15 a duniya cikin 2020 da 2021, kusan ninki uku na alƙaluman da ƙasashe suka bayar. A wurinmu da ba a cika yin rajistar mutuwa ba, ana wanka a yi sallah a kai mutum kafin azahar, lissafi ba zai taɓa cika ba.

MaiKemis_Mushin:
Bari in kawo wani ɓangare. Makon da Trump ya yabi kulorokwin a Maris 2020, kafin yamma babu ko kati ɗaya a shagona. Mutane na zuwa da kuɗi a hannu, wani ya ce a ba shi na gida gaba ɗaya. Cikin kwanaki gwamnatin Legas ta sanar da an kwantar da mutane saboda sun sha fiye da ƙima. Sannan ga jiƙon Madagaska da shugabansu ya yi ta talla. Da ba wata hukuma da za ta haɗa asibitocin ƙasashe da dama a yi gwaji ɗaya, a fito a ce wannan maganin ba ya hana mutuwa, da har yau ana shan sa. Ni wannan kaɗai ya ishe ni hujja.

Kawu_Obalende:
Mai kemis ka tuna mini da ruwan gishiri na 2014. Ƙarfe uku na dare aka tashe ni da waya daga Zariya, wai a yi wanka da gishiri a sha saboda Ebola. Akwai waɗanda suka mutu a kan haka. Kuma abin a unguwarmu ya faru. Wani mai suna Patrick Sawyer ya sauka daga Laberiya ɗauke da cutar 20 ga Yuli, aka kai shi wani asibiti a nan Obalende. Dokta Stella Adadevoh ta hana shi fita duk da matsin da aka yi mata, ita ma ta kamu ta rasu a watan Agusta. Mutum 20 suka kamu a ƙasar nan, takwas suka mutu, 20 ga Oktoba WHO ta ce Najeriya ta fita. Ku duba garin nan da cunkosonsa, ku duba Oshodi da safe. Abin da ya cece mu bayan ikon Allah, ma'aikatan shan inna ne da suka saba bi gida-gida. Su aka juya suka riƙa bin duk wanda ya yi hulɗa da mai cutar, suna auna zafin jikinsa kullum har kwana 21. Dokta Faisal Shuaib ne ya jagoranci cibiyar. Wannan tsarin kuwa da kuɗi da horon hukumomin waje aka gina shi, amma 'yan ƙasa ne suka yi aikin.

Malam_Idi_Araba:
Kawu, a wannan Ebolar ma an zargi WHO da jinkiri. Cutar ta yi watanni tana cin Gini da Saliyo da Laberiya kafin ta ayyana ta-ɓaci a watan Agusta, mutum sama da 11,000 suka tafi. Bayan nan ne ma Tarayyar Afirka ta buɗe tata cibiyar yaƙi da cututtuka a Addis Ababa a 2017. Kuma kuɗi na cikin matsalar. Abin da ƙasashe ke biya na dole bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kasafinta ba a lokacin korona. Sauran gudummawar ganin dama ce daga manyan ƙasashe da gidauniyoyi irin ta Bill Gates, kuma mai bayarwa yakan ce ga inda za a kashe. Yanzu ga Amurka, wadda a da ta fi kowa bayarwa, Trump ya sa hannu kan ficewa a Janairun 2025. Duk wanda ke murna da haka ya tuna daga ina ake biyan masu bin diddigin cuta a ƙauyukanmu.

Alhaji_Oko_Oba:
Ni dai abin da ba zan manta ba hajjin 2020. Na biya kujera, aka ce ba mai zuwa daga waje, 2021 ma haka. Shi ma su ne suka hana?

Canji_Obalende:
A'a Alhaji, Saudiyya ce ta yanke hukuncinta. Amma katin nan mai ruwan ɗorawa da kake nunawa a filin jirgi, na allurar shawara, tsarin WHO ne. Shi ya sa kati ɗaya ke aiki a kowace ƙasa.

Hajiya_MaiAtamfa:
Mu koma kan allura. Wani dattijo maƙwabcinmu da ya yi aikin gwamnati ya ce mini a nan Yaba ana yin allurar shawara da ta agana a da, har ana ba maƙwabta. Gaskiya ne?

Dalibi_Likitanci:
Gaskiya ne Hajiya. Akwai ɗakin sarrafa allurar riga-kafi na gwamnatin tarayya a Yaba, ya yi aiki shekaru da dama, aka rufe shi a 1991 da sunan gyara. Senegal kuwa har yau tana yin allurar shawara a Dakar. Lokacin korona Indiya da Afirka ta Kudu sun nemi a ɗage haƙƙin mallakar allurar don kowa ya sarrafa, tun Oktoban 2020. Aka yi ta ja a Hukumar Kasuwanci ta Duniya, sai Yunin 2022 aka cimma ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. WHO ta buɗe cibiyar koyar da fasahar sabuwar allura a Afirka ta Kudu, kuma a Mayun 2025 ƙasashe sun amince da yarjejeniyar tunkarar annoba ta gaba, wadda ta taɓo rabon allura da magani. Amma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

MaiTumatir_Mile12:
Na karanta duka, na gode. Na yarda ba su suka tare motata a hanya ba, kuma maganar Baba ta agana ta shige ni. Zancen ficewa na janye shi. Amma har yanzu akwai abin da ban gamsu ba. In sun san ƙasa irin tamu ba za ta iya ciyar da mutane a kulle ba, me ya sa ba su fito ƙarara tun ranar farko sun ce kada a kwaikwayi Turai ba? Kuma tallafin da aka tara, da idona na ga mutane na fitowa da buhunan shinkafa da katan-katan na taliya daga rumbun Maza-Maza a Oktoban 2020, wata shida bayan yunwar. Wa ya kamata ya tambayi wannan?

Nas_Maman_Ikram:
Wannan kayan 'yan kasuwar ƙasar nan ne suka tara, jihohi aka ba rabo, ba ruwan Geneva. Mu ya kamata mu tambaya, Alhaji. Kuma tun da ana maganar annoba, damina ta kusa. Kun tuna amai da gudawa da ya ɓarke a Legas a Yunin 2024. Don Allah masu rumfa a Mile 12 ku sa ido a kan ruwan da masu abinci ke wanke kwano da shi, kuma duk wanda ya fara gudawa kamar ruwan shinkafa a fara ba shi ruwan gishiri da suga a kai shi asibiti, kada a jira dare.

Dan_Agege77:
Anti nas, nawa ake zubawa na gishirin da sugan? A ɗakinmu mu tara ne, gara in sani.

Nas_Maman_Ikram:
Lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, suga ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. In akwai na leda a kemis ya fi, a zuba shi duka a yawan ruwan da aka rubuta a jiki. Wanda ya kwana a zubar a haɗa sabo.